Gini Mai Shekarun Haihuwa Biyu: Nazari a kan Tsofaffin Gine-ginen Garin Hoorn na Ƙasar Holan

Tsakure

Wannan takarda ta duba tsofaffin gine-gine da abubuwan tunawa na Hoorn, garin bakin ruwa a arewacin ƙasar Holan wanda ya yi tashe a ƙarni na 17. Hujjarta ita ce sanin shekarar da aka aza harsashin gini ba ya wadatar da mai nazari. Dole ya nemi shekara ta biyu, wato lokacin da wasu mutane suka yanke shawarar barin ginin a tsaye, ko suka sake masa fuska, ko suka ɗora masa ma'anar da maginansa ba su sani ba. An bi hasumiyar tashar jiragen ruwa, da gidan awo, da majalisar yanki, da mutum-mutumin Jan Pieterszoon Coen, domin nuna cewa yawancin rigimar da ake yi a kan tarihin garin daga shekara ta biyun take tasowa.

1.0 Gabatarwa



Hoorn yana kimanin kilomita 35 arewa da Amsterdam, a yankin da ake kira West-Friesland. Mutanensa a yau sun haura 70,000, amma tsohon garin da ke cikin da'irar tsohuwar ganuwa ƙarami ne, mai tafiya a ƙasa zai ratsa shi ba tare da ya gaji ba. A cikin wannan ɗan fili akwai gine-gine sama da 300 da gwamnatin ƙasa ta sa a rajistar abubuwan tarihi. Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa ya gangara zuwa bakin ruwa yakan ɗauka cewa ƙarni na 17 ne yake kallo kai tsaye, kamar an rufe garin da mayafi shekara 400 sannan aka yaye. Wannan zaton shi ne takardar nan take son warwarewa.

2.0 Garin da Ruwa ya Yi wa Arziki

A shekarar 1357 ne Willem na Biyar, mai sarautar Holan a lokacin, ya ba Hoorn haƙƙin zama birni mai kotunsa da dokokin kasuwarsa. Garin ya zauna ne a jikin doguwar madatsar da ta kewaye West-Friesland, mai tsawon kilomita 126, yana fuskantar Zuiderzee, wani reshen teku da ya kutso cikin ƙasar. Bayansa makiyaya ce mai albarkar shanu da cuku, gabansa hanyar ruwa ce zuwa duniya. Jiragensa sun yi jigilar hatsi daga ƙasashen tekun Baltik, katako daga Norway, da gishiri daga Faransa da Fotugal.

Abin da ya ɗaga garin sama da sa'o'insa shi ne wani samfurin jirgin dako da aka fara ƙerawa a can wajen 1595, wanda ake danganta shi ga ɗan kasuwa Pieter Janszoon Liorne. Ana kiran jirgin fluit. Cikinsa faɗi, dogo ne fiye da jiragen zamaninsa, kuma ma'aikata kaɗan ke iya tafiyar da shi, don haka kuɗin dako ya faɗi. Da aka kafa kamfanin cinikin Gabashin Indiya, VOC, a 1602, Hoorn na cikin garuruwa shida da suka sami reshe, tare da Amsterdam, Middelburg, Delft, Rotterdam da Enkhuizen. Kada mu zuzuta matsayinsa: jarin da ya zuba bai wuce gilda 267,000 ba daga cikin kimanin miliyan 6.4, kuma kujera ɗaya tak yake da tabbacinta a majalisar daraktoci 17, alhali Amsterdam na da takwas. Ƙaramin abokin tarayya ne. Sai dai ga gari mai mutane kimanin 15,000, ɗan wannan kason ya isa ya sauya fuskar tituna.

3.0 Gine-ginen Aiki

Mafi shahara a cikinsu ita ce Hoofdtoren, hasumiyar da ke tsaye a bakin tashar jiragen ruwa tun 1532. Siffarta ta faɗi aikinta. Ɓangaren da ke kallon ruwa zagayayye ne, mai kauri, an lulluɓe shi da dutse mai haske don ya jure harbi da dukan igiyar ruwa, kuma matuƙa su hango shi daga nesa. Ɓangaren da ke kallon gari shafaffe ne na jan bulo, domin ba a tsammanin abokin gaba daga nan. Siririn kan da ke ɗauke da agogo, wanda shi ne ake gani a kowane hoton garin, ba ya cikin ginin asali. An ƙara shi a 1651, lokacin da tsoron farmaki ya ragu, aka sami kuɗin ƙawa. Tun kafin nan ma hasumiyar ta daina zama ta soja zalla, don kamfanin da ke farautar manyan kifayen tekun arewa saboda man kitsensu ya riƙa zama a cikinta. Yau gidan cin abinci ne.

Daga tsohuwar ganuwa, ƙofa ɗaya ce ta rage, Oosterpoort ta 1578, wadda aka ɗora wa ɗan gida a ka a 1601. Akwai kuma hasumiyar Maria ta 1508 da aka riƙa ajiye albarushi a cikinta. Ba da nisa ba akwai gidaje uku na 1612 da ake kira gidajen Bossu. A goshinsu an sassaƙa yaƙin ruwa na watan Oktoba 1573, inda jiragen garuruwan yankin, ƙarƙashin Cornelis Dirkszoon magajin garin Monnickendam, suka karya rundunar Sarkin Sifaniya a gaban Hoorn, suka kama kwamandanta Bossu, aka tsare shi a garin shekara uku. A lura cewa masu gida ne suka yi wannan zane a bangon gidajensu, shekara 39 bayan yaƙin, lokacin da waɗanda suka gan shi da idonsu suna raye. Wannan tunawa ce ta mutanen da abin ya shafa, kuma za mu ga bambancinta da wadda aka yi a 1893.

Zuciyar garin ita ce dandalin Roode Steen, inda a da ake zartar da hukuncin kisa, daga baya ya zama kasuwar cuku. A gefensa akwai gidan awo na 1609, wanda ake danganta tsarinsa ga Hendrick de Keyser, babban maginin Amsterdam. A bangonsa akwai doki mai ƙaho ɗaya riƙe da tambarin gari. Manyan ƙofofinsa da rumfar da ta kewaye shi an yi su ne don a shigo da kaya a fita da su ko ana ruwan sama. Gidan awo hukuma ce. Duk cinikin da ya kai wani nauyi sai ya bi ta sikelin gari, a biya kuɗin awo, mai saye da mai sayarwa su rabu ba gardama. Garin da ya kashe kuɗi ya kira magini mafi suna don ya gina masa ma'auna yana shaida wa fatake cewa mudunsa ba ya ha'inci. A ganina wannan gini ya fi duk wani mutum-mutumi bayyana abin da mutanen Hoorn na lokacin suke alfahari da shi.

Sauran sai a ambace su a taƙaice: sitocin VOC na 1606 a titin Onder de Boompjes, inda aka tara masoro da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, ofishin reshen kamfanin a titin Muntstraat, asibitin Sint Jan na 1563, da majami'u biyu na ƙarshen zamanin tsakiya, Noorderkerk da Oosterkerk. Gidajen 'yan kasuwa da yawa sun karkato gaba kamar za su faɗo kan titi. Ba tsufa ba ne, da gangan aka gina su haka, kuma daga cikin amfaninsa akwai cewa kayan da ake ja da igiya zuwa bene ba sa gugar bango.

4.0 Shekara ta Biyu

Tun ƙarni na 18 arzikin ya fara janyewa. Yashi da laka sun riƙa cike hanyoyin Zuiderzee a daidai lokacin da jirage ke ƙara girma, ciniki ya tattare a Amsterdam, VOC ta rushe a ƙarshen 1799. A 1824 aka buɗe mashigin ruwa daga Amsterdam zuwa Den Helder, a 1876 aka buɗe wani kai tsaye zuwa Tekun Arewa, duka biyun suka kauce wa Hoorn. Mutanen garin suka ragu zuwa ƙasa da 10,000. Lokacin da marubucin Faransa Henry Havard ya wallafa labarin tafiyarsa a 1874, cikin matattun garuruwan Zuiderzee ya lissafa shi.

Akwai wani bayani da ya yaɗu, cewa talauci ne ya adana irin waɗannan garuruwa, tunda ba kuɗin rushe tsoho a gina sabo. Rabin gaskiya ce. Talauci ya rushe abubuwa da yawa. Tsohon gidan majalisar gari da ke Roode Steen an rushe shi a 1797. Sauran ƙofofin gari sun tafi a ƙarni na 19, wasu don faɗaɗa hanya, wasu don kula da su ya fi ƙarfin baitulmali. Gidajen da suka rasa mazauna an sayar da bulonsu da katakonsu. Makwabcinsa Enkhuizen ya fi shan wahala, don daga mutane sama da 20,000 ya koma kimanin 5,000, unguwanni suka zama filin kiwo. Babbar majami'ar Hoorn kuma gobara ta cinye ta sau biyu, a 1838 da 1878, wadda ake gani yanzu ta 1883 ce. Abin da talauci ya yi shi ne ya rage saurin sauyi har aka kai zamanin da wasu suka fara ganin darajar abin da ya saura.

Misali mafi kyau shi ne Statencollege na 1632, wanda ke fuskantar gidan awo. Nan ne wakilan garuruwa bakwai na arewacin Holan suke zama: Alkmaar, Hoorn, Enkhuizen, Medemblik, Edam, Monnickendam da Purmerend. Doguwar fuskarsa mai hawa-hawa, da zakunan da ke riƙe da tamburan garuruwan, ita ce abin da masu yawon buɗe ido suka fi ɗauka a hoto a matsayin ƙarni na 17. Amma tun shekarun 1880 ginin ya zama gidan tarihi na West-Friesland, kuma a farkon ƙarni na 20 an sauke fuskar da ta lalace aka sake ta da sabon dutse. Tsarin na 1632 ne, dutsen da hannun da ya sassaƙa shi na zamanin jirgin ƙasa ne. Ba ina cewa jabu ba ne. Ina cewa duk bayanin da ya tsaya a 1632 ya ɓoye mutanen da suka tara kuɗi, suka yi gardama, suka zaɓi wace siffa za a mayar.

Waɗannan mutane suna da tarihi. A 1917 mazauna garin suka kafa ƙungiyar Oud Hoorn don kare tsohon gari, shekara 44 kafin ƙasar ta sami cikakkiyar dokar kare gine-ginen tarihi a 1961, wadda dokar gado ta 2016 ta gaji aikinta. A tsakanin nan kuma garin ya rasa tekunsa baki ɗaya. Madatsar Afsluitdijk mai tsawon kilomita 32 ta rufe Zuiderzee a 1932, ruwan gishiri ya koma tafki, daga baya wata madatsar ta sake raba tafkin, ɓangaren Hoorn ya zama Markermeer. Hasumiyar 1532 yanzu kwale-kwalen shaƙatawa take tsaro. A shekarun 1970 gwamnati ta zaɓi Hoorn cikin garuruwan da za su ɗauki rarar mutanen Amsterdam, sababbin unguwanni suka kewaye tsohon gari, shi kuma ya tashi daga matsayin gari ya koma abin da ake zuwa kallo.

5.0 Mutum-mutumin da ke Tsakiyar Dandali

A tsakiyar Roode Steen, tsakanin gidan awo da gidan tarihi, akwai mutum-mutumin tagulla na Jan Pieterszoon Coen. An haife shi a Hoorn a 1587, ya zama gwamna janar na VOC sau biyu, ya kafa Batavia, wato Jakarta ta yau, a 1619 a kan kufan garin da ya rushe, ya mutu a can a 1629. A 1621 ya jagoranci mamaye tsibiran Banda, waɗanda a lokacin su kaɗai ne tushen gyaɗar ƙamshi a duniya, saboda mutanensu sun ƙi sayar wa kamfanin shi kaɗai. An kashe manyan gari 44 a sansanin Nassau. Daga mutane kimanin 15,000, ƙiyasin masana ya nuna kusan 1,000 ne suka rage a tsibiran. Sauran an kashe su, ko yunwa ta kashe su a duwatsu, ko an kwashe su bayi, ko sun tsere. Aka raba gonakin ga Turawa, aka kawo bayi suka noma. Gyaɗar ƙamshin da ta shiga sitocin Onder de Boompjes bayan wannan shekara daga waɗannan gonaki ta fito.

Baƙo zai ɗauka mutum-mutumin sa'an gine-ginen da ke kewaye da shi ne. Ferdinand Leenhoff ne ya ƙera shi, kuma a 1893 aka buɗe shi, shekara 264 bayan mutuwar Coen. Mutanen zamaninsa ba su kafa masa komai a dandalin ba. Waɗanda suka kafa shi 'yan ƙarni na 19 ne, a garin da aka gama kira matacce, a ƙasar da ke neman gwarzaye kuma take tsakiyar yaƙin mallakar Aceh da ta fara a 1873. Ba kuma za a ce ba su sani ba. A 1886 J.A. van der Chijs, mai kula da taskar takardun gwamnati a Batavia, ya wallafa nazari a kan yadda aka ci Banda, ya bayyana jinin da ke jikin sunan Coen. Saboda haka hujjar da ake yawan kawowa, cewa kada a auna mutumin ƙarni na 17 da mudun yau, ta kauce wa inda maganar take. Ba Coen ne ya hau dandamalin da kansa ba. Shawarar 1893 ake tuhuma, kuma a 1893 labarin Banda yana rubuce.

Wani abin lura shi ne garin yana da wasu 'ya'yan da zai iya zaɓa. Willem Schouten ɗan Hoorn ne. Shi da Jacob Le Maire suka kewaye ƙarshen kudancin nahiyar Amurka a watan Janairu 1616, suka raɗa wa tsinin ƙasar sunan garin Hoorn, sunan da yake ɗauke da shi har yau. Da suka isa Java, wanda ya ƙwace jirginsu bisa zargin keta haƙƙin kamfani shi ne Coen, ɗan garin su Schouten. Tsakanin wanda ya buɗe hanya da wanda ya tsare cinikin kamfani da bakin bindiga, masu kuɗin 1893 na biyun suka ɗora a tsakiyar dandali.

A 2011 wasu mazauna garin suka shigar da buƙata ga majalisa a ɗauke shi. A watan Agusta na shekarar wata motar ɗaga kaya ta buge shi bisa kuskure ya goce daga dandamalinsa, abin da ya tilasta wa majalisa ta yanke hukunci: a mayar ko kada a mayar. Aka mayar, aka kuma manna sabon rubutu a 2012 wanda ya ambaci Banda da mutuwar dubban mutane, ya kuma yarda cewa akwai masu ganin bai cancanci girmamawa ba. A wannan shekarar gidan tarihin ya shirya baje koli cikin siffar shari'a, masu ziyara suka jefa ƙuri'a, mafi yawa suka zaɓi a bar shi. A watan Yuni 2020 zanga-zanga ta sake ɓarkewa a kansa. Firayim Minista Mark Rutte ya nemi gafara kan rawar da ƙasar ta taka a bauta a watan Disamba 2022, Sarki Willem-Alexander ya bi sahu ranar 1 ga Yuli 2023. Mutum-mutumin Coen da ke Batavia kuwa tun 1943 sojojin Japan suka sauke shi.

Ra'ayina a nan shi ne rubutun 2012 ya yi kaɗan, ba don abin da ya faɗa ba, sai don girmansa. Mutum na tagulla mai tsayin da ya fi na mutane yana magana da wanda ke nesa, rubutu a ƙasan dandamali sai wanda ya sunkuya. Garin da ke cin kuɗin masu zuwa kallon zamanin VOC ba zai zaɓi ɓangaren da ya yi masa daɗi kawai ba, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuma maganar ba ta tsaya a Asiya ba. Hoorn na cikin reshen arewa na kamfanin Yammacin Indiya da aka kafa a 1621, wanda ya ƙwace sansanin Elmina daga Fotugal a 1637, ya mai da shi babbar mashigar cinikin bayi a gaɓar Ghana ta yau. Sansanin ya zauna a hannun Holan har 1872. Mai nazarin Elmina da mai nazarin Hoorn ƙarshe biyu na igiya ɗaya suke riƙe da su.

6.0 Sabon Aiki da Matsalar Harsashi

Hanyar da Holan ta fi dogara da ita wajen adana gini ita ce ba shi aikin da zai ciyar da kansa. Oostereiland, tsibirin da aka cike da hannu a bakin tashar a ƙarni na 17, ya fara da sitoci da ma'aikatar rundunar ruwa, ya koma gidan tsare mabarata, sannan kurkuku har 2003. Yanzu akwai otal, silima, gidajen zama da gidan tarihin ƙarni na 20 a cikinsa. Babbar majami'ar ma an daina ibada a cikinta, an mai da ita wurin kwana. Tsarin yana aiki, rufi ba ya yoyo, sai dai yana da farashi: ginin da kowa ke shiga kyauta yakan koma na mai iya biyan kuɗin abinci ko na ɗaki.

Babbar barazanar kuwa a ƙarƙashin ƙasa take. Ƙasar yankin laka ce da ruɓaɓɓen tsiro, ba ta ɗaukar nauyi, don haka gine-gine da yawa a kan turakun katako suke, wasu kuma a kan harsashi marar zurfi. Katako yakan daɗe ɗaruruwan shekaru muddin yana nutse cikin ruwan ƙasa. Da zarar ruwan ya ja baya iska ta taɓa kan turken, ruɓewa ta fara, gini ya soma nutsewa ba daidai ba, bango ya tsage. Shi kansa gidan tarihin West-Friesland sai da aka rufe shi a 'yan shekarun nan don gyaran harsashi. Fari irin na 2018 yana ƙara tsananta lamarin. Matakin ruwa kuma ba masu kula da gine-ginen tarihi ke tsayar da shi ba, hukumomin ruwa ne, waɗanda suke da nasu zaɓaɓɓun wakilai, kuma suke sauraren manoma masu son a rage ruwa don taraktoci su shiga gona, da masu sababbin gidaje da ba sa son danshi a ɗakunan ƙasa. Doka tana iya hana mai gida canza tagar da ke fuskantar titi, amma gyaran turakun da ke ƙarƙashin tagar, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, galibi a wuyan mai gidan yake.